Tsohuwar da Ta Sauke Ni Cikin Yumɓu

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi kowa zai koma. Kakata, mahaifiyar babana, ta riga mu gidan gaskiya bayan girbin gero, da hantsi. Ta tsufa tukuf. Ba ta yi doguwar jinya ba, ta sha kununta, ta ce a juya ta wajen gabas, shi ke nan.

Zaman makokinta ne ya sa na ce lallai sai na rubuta wani abu a kanta, don ban taɓa ganin makoki irinsa ba. Mutum zai shigo zaure fuska a murtuke, ya durƙusa ya yi mana gaisuwa, a shafa fatiha. Sai ya sunkuyar da kai, ka ga kafaɗarsa na rawa. Ka ɗauka kuka ne, ashe dariya yake dannewa. Wani mahauci ya zo daga Jega, ƙato, gemu duk furfura, ya ce, "Tsohuwag ga! Na zaka bakin raminta na yumɓu da rigas salla ina yanga, tac ce in matso in ga kihi. Ina leƙawa tat tura ni." Wani manomin albasa daga Aliero ya ce shi har yau in ya taka fadama ya ji laka ta ratsa yatsunsa, muryarta yake ji. Wata makauniya ta zo tun daga Maiyama, ɗanta na jan sandarta, ta tsaya a ƙofar gida tana hawaye ta ce, "Kowa cewa shikai kar in taɓa, in na taɓa za ni hwasawa. Ita ɗai tac ce mani, taɓa."

Liman ya yi ta gyaran murya don a tuna inda ake. Da abin ya ishe shi sai ya ce a ji tsoron Allah, a daina ƙarya a gidan mutuwa, kowa ya san bajimin yumɓun da shi ya gina ya fi na kowa tozo. Zaure ya ɗauka gaba ɗaya.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi kuka a gaban jama'a ba. Inna ce, mahaifiyata. Akwai dalili, kuma dalilin ni ne.

Kaka maginiyar tukwane ce. Gajera ce, damtsenta ya fi na wasu maza, muryarta kuwa in ta kira ka daga fadama za ka ji ta a tsakar gida. Raminta na yumɓu yana bayan ƙauyenmu, kusa da Giwa Tazo, inda ruwan damina ke kwanciya. Da ruwa ya ja sai ta haƙo yumɓu, ta jiƙa shi a wani faffaɗan kwari da ta share, ta zuba ƙaiƙayi da garin tsingaro, wato fasassun tukwane da aka daka. Daga nan sai taku. Dole a tattake shi da ƙafa har ya yi laushi ya haɗe, a kuma tsince duk wata tsakuwa, don tsakuwa ɗaya in ta shiga wuta a jikin randa sai ta tarwatsa ta.

Sauran magina su ke taka abinsu, yaro ya matso su kore shi da tsumagiya. Kaka kuwa sai ta hau tudu ta sa hannu a baki ta kwarara kira: "Ina masu ƙahwa? Ku taho, ya jiƙa!" Kai, ka ga gudu! Mai kiwon awaki ya bar awaki, wadda aka aika ɗebo wuta ta ajiye kasko a hanya, mai kuka ya haɗiye kukansa. Kafin su iso sun tuɓe, don ita takan ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hujjarta ita ce ƙafar yaro ta fi ta babba jin tsakuwa, tunda ba ta yi kanta ba. Gaskiya ne, amma ni na san ba don tsakuwa kaɗai take tara su ba. Son hayaniyar take yi. Duk wanda ya tako tsakuwa sai ya ɗaga ta sama ya yi ihu, ita kuma ta yi masa guɗa kamar ya kashe kura. In an gama, kowa ta yanko masa curin yumɓu ta ce ladan ƙafarsa ne, ya gina abin da ya ga dama.

Uwa ta zo tana faɗa an ɓata mata ɗa, amsar Kaka ɗaya ce: "Gulbi ya ƙahe? Tahi ki wanke abinki." In an matsa mata sai ta ƙara, "Da ƙasa anka yi mu, mi na na ƙyama?"

A shekarun nan Nasara bai daɗe da cin ƙasa ba. Kantinsu ya buɗe a Jega, aka fara kawo tasoshin ƙarfe masu walƙiya. Ranar kasuwa Kaka ta sauke jakinta, ta je ta ɗauki ɗaya ta ƙwanƙwasa da farce, ta kanga a kunne, ta ce wannan ta iya kuka amma ba ta iya sanyaya ruwa, ta ajiye musu kayansu. Wata rana kuma aka hango wani Nasara bisa doki da masu dakonsa sun biyo ta gefen fadama ana tsakiyar taku. A lokacin yara in sun ga farar fata sai fitsari. Kaka ta ce, "Ku kwanta!" Duk suka kife cikin taɓo, ba ka ganin komai sai ƙwayar ido. Mutumin ya wuce, bai ga kowa ba sai tsohuwa ɗaya tana taka laka tana waƙa. An yi shekaru ana ba da wannan labari.

Duk wannan ni a kunne nake jin sa, ko in hango daga nesa ta saman kafaɗar Inna. Ni ɗan wabi ne. 'Ya'yan da Inna ta haifa kafin ni, su huɗu, kowanne sai ya fara zama ko rarrafe, Allah Ya karɓi abinSa. Da aka haife ni sai aka yi abin da akan yi: aka kai ni bisa juji aka ajiye, wata maƙwabciya ta tsince ni, aka laƙaba mini sunan juji, don mutuwa ta ga abin yarwa ne ta raina ta wuce. Aka rataya mini layu a wuya da ƙugu. To amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Inna ta ɗora ni a baya ta ƙi saukewa. Tsarana suna bin awaki, ni ina goye, ƙafafuna na dukan ƙwaurinta. Ba na taka raɓa, ba na zama inda babu tabarma, ruwan sama bai taɓa dukana ba. Na yi fari fat, ga ƙaton kai ga siraran ƙafafu, ba na magana sai a kunnenta.

Abin ya tsaya wa Kaka a rai. Amma suruka da matar ɗa ba sa sa-in-sa, akwai kunya. Inna ba ta faɗin sunan Kaka, ba ta haɗa ido da ita, ba ta cin abinci a gabanta. Saboda haka rigimarsu ta wata hanya ake yin ta. Kaka za ta zauna tana shafa tukunya, ta ce wa tukunyar, "Ke dai kin huta. Wasu an aje su bisa juji don mutuwa ta raina su, an koma an ɗauke su an aza bisa kamar kayan sarki. Ai an nuna mata inda shike." Inna kuwa tana daka, sai ta kori kaza ta ce wa kazar, "Tahi can. Wanda bai haƙa rami huɗu ba shi ka ganin ƙasa abin wasa ta." Ni ina baya ina jin ƙirjinta na bugawa ta cikin zane.

Da Baba na nan da ya raba gardamar. To a kakar nan dogarai sun zo sun ɗebi maza aikin hanyar Nasara, har da shi, ba wanda ya san ranar dawowarsu. Gida ya rage daga mata sai yara.

Wata safiya aka yi haihuwa a dangin Inna a Sarandosa, tafiyar ta yi nisa da goyon ƙato irina. Ta bar ni wajen Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ja mata kunne, ta koma ta sake ja mata. Ko ƙurar tafiyarta ba ta kwanta ba sai ga Kaka a ƙofar ɗaki. Kowa ya san wasan kaka da jika, namiji mijinta ne. Ta ce, "Maigida, tashi ka raka ni." Gwaggo ta ce wa uwar tata, "Inna, an hana hwa." Kaka ta dube ta sheƙeƙe ta ce, "Wa ka hana mace hita da mijinta? Ke kinka aura man shi?"

Na miƙa hannu ta ɗauke ni, ta ƙi. Ta ce ita ba ta goyon miji, sai dai in taka. Na taka. Ƙasa ta yi ta cizon tafin ƙafata, ina tafe ina ɗingishi ina ƙunƙuni, tana gaba tana yi mini kirarin ragwaye. Da muka isa ta cire mini layu duka ta rataye a reshen kalgo don kada su jiƙe, ta ɗaga ni ta hammata, ta dire ni tsakiyar kwarin.

Wayyo daɗi! Har gobe ban sami bakin faɗin abin da na ji ba. Sanyi ne ya fara kama ni, ya hau tun daga dunduniya har ƙeya, na buɗe baki zan yi kuka. Sai yumɓun ya tsattsafo ta tsakanin yatsuna, sumul, mai santsi, yana yi mini cakulkuli. Na ɗaga ƙafa ya riƙe ta, na ja da ƙarfi ya sake ta da wata irin ƙara ta rashin kunya, yara suka fashe da dariya. Na sake yi. Na sake! Ƙamshinsa irin na ƙasa ne in ruwan farko ya sauka. Na damƙa da hannu ya tsere ta gefe, na matse ya fito ta saman yatsu, na kai baki na ɗanɗana, Kaka ta ce in ci kaɗan in bar wa randa. Wani ya yaɓa mini a baya, na juya na yaɓa masa a ido, na zame na faɗi zaune daɓas, ban ji zafi ba. Aka ja ni aka kai ni gangaren da suke sulu, aka tura ni, na taho a guje da ciki har cikin ruwa. Wata murya na ji tana ihu fiye da ta kowa, sai daga baya na gane tawa ce.

Na tako tsakuwa kuwa. Na ɗaga ta sama ina tsalle, Kaka ta rangaɗa guɗar da ban taɓa jin ta yi wa kowa ba, ta ce, "Ku gani, mijina ya yi aiki! Yau a tuƙa tuwo da yawa!" Ta ba ni curina. Muka baje a rana muna gini, yumɓu na bushewa a jikinmu yana ɗaure fata, in ka yi dariya sai kumatunka su tsattsage. Na gina bajimi, aka nuna mini yadda ake soka ƙaya a yi ƙaho. Ƙafarsa ɗaya ta fi sauran tsawo, amma ni a idona duk Jega babu sa kamarsa.

Ashe hankalin Inna bai kwanta ba, ta yi barka a tsaye ta juyo. Ta tarar da ɗaki wayam, ta nufo fadama da gudu. Abin da ta fara gani layuna ne suna lilo a reshen kalgo, babu yaro a cikinsu, ga ruwa a kwance. Ta dubi yara, duk launinsu ɗaya, kai da ƙafa laka. Ina tsakiyarsu ina ƙyaƙyata dariya, amma ba ta san dariyata ba, ba ta taɓa jin ta ba. Ƙarar da ta yi, ban ƙara jin irinta ba, kuma ba na fatan in ji. Ta faɗa ruwan da zanenta tana lalube.

Kaka ce ta ɗauko ni ta sha gabanta ta share mini fuska da tafin hannu. Inna ta fizge ni, ta fizgi layun, ta ɗaure ni a baya da lakata da komai. Ta nufi gida da ni.

Dare bai yi nisa ba masassara ta kama ni. Ko ruwan ne, ko ranar ce, ko kuwa dama tana tafe, Allah Ya sani. Jikina ya yi zafi har na daina gane mutane. Da gari ya waye Inna ta ɗauko tulun da Kaka ta gina mata da hannunta lokacin da aka kawo ta gidan, ta kai ƙofar ɗakin Kaka ta kife shi. A gidanmu ba a taɓa yin zagin da ya kai wannan ba, kuma ba a furta kalma ko ɗaya ba.

Gwaggo ta ce tsohuwar nan da ba ta san shiru ba ta zauna a bayan ɗakinmu, jingine da bango, ba ci ba sha, ba ta shiga ba kuma ba ta tashi ba. Kaka ta ce wa Gwaggo, "Taɓon ban yi nadama ba. Layun ne. Ban da ikon hidda abin da uwa ta ɗaura." Yumɓun da aka taka ya bushe a kwari ya tsage, kasuwar Jega ta ci ba ta je ba.

Allah Ya yi da sauran kwanana, na tashi. Amma kira ya ɗauke daga fadama. Kaka ta koma taka abinta ita kaɗai kamar sauran magina, yaro ya matso ta ce ya tafi wajen uwarsa. In ta wuce ni ba ta ce mini maigida, sai ta kau da kai. Abu ɗaya ta yi: ta gasa bajimina tare da tukwanenta, ya fito ja jawur, ta ba Gwaggo ta kawo mini. Na rungume shi na zauna a bakin ƙofa ina fuskantar fadama. Inna ta juya baya ta ce in hau, na ƙi. Ta kawo fura na ture. Ba kuka nake ba, zama kawai nake, ina ramewa tana kallo. Yaran unguwa kuma suka daina gaishe ta, don sun san ta dalilin wa aka rufe musu rami.

Na ga ranar da Inna ta kai layuna wajen baduku ya sake rufe su da sabuwar fata, ta dawo ta shafe su da kakin zuma don kada ruwa ya shige su. Washegari ta ɗaura mini su, ta ja igiyar har sai da na ce wash. Ba ta juya mini baya ba. Hannuna ta kama, muka fita da ƙafa.

Kaka na cikin kwari ita kaɗai, ta gan mu ta tsaya cak. Inna ta kai ni har baki, ta sake ni, ta juya mana baya ta fuskanci kalgon nan. Ta ce wa itacen, "A gaya ma mai ramin ga, layu ba a hidda su. Sauran na bar ma Allah."

Kaka ta sunkuya ta dubi yumɓun da ke ƙafarta, ta ce masa, "An jiya."

Sai ta hau tudu. Kiran da ta yi ran nan ina jin har Maiyama an ji shi. Yara suka ɓarko ta kowace kusurwa suna tuɓewa a guje, wani ya ɗauke ni cak ya jefa ciki, laka ta tashi sama. Ina ihu ina waiwayen Inna. Tana nan tsaye, ta ba mu baya, ta riƙe reshe da hannu biyu. Ba ta juyo ba ko sau ɗaya, amma ba ta tafi ba har aka tashi. Da yamma na ga tulun nan ya koma mazauninsa, cike da ruwa.

Daga ran nan ban ƙara hawa bayan kowa ba. Na yi ƙafa, na yi baki, har ya yi yawa in ji mutane. Baba ya dawo daga aikin hanya ya tarar da ɗansa baƙi ƙirin yana kokawa a fadama. Su biyun kuwa suka ci gaba da zama gida ɗaya, Inna na tuƙa mata tuwo mai laushi da haƙoranta suka zube, ita tana gina wa Inna duk tukunyar da take so tun ba ta tambaya ba. Amma magana ido da ido, ko sau ɗaya. Kunya ba ta tsufa.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya yafe mata, Ya sanyaya makwancinta yadda ta sanyaya wa mutane ruwa. Ranar da ta cika aka raba aiki kamar yadda aka saba. Mata suka shiga wanka, mu maza muka tafi kushewa. Da manyan tukwanenta aka rufe ramin, ni kuma na tuɓe riga na naɗe wando na shiga kwaɓa ƙasar da za a liƙe su. Wani ya ce in bari yara su yi, na ce ya matsa mini.

Sai da aka share makoki, baƙi suka watse, Inna ta kira ni ɗakinta. Ita ma ta tsufa yanzu. Ta ce ita ta roƙa a bar ta ta yi wa Kaka wanka, kuma ran nan ne ta fara riƙe hannunta. Ta ce da ta zo kan yatsun sai ta ga bakinta ya buɗe da kansa.

Na ce, "Inna, mi kinka ce mata?"

Ta goge ido da bakin zane. "Na dubi huskatta, nac ce mata, Inna, ga shi nan ya rayu. Shina can waje cikin taɓo hag gwiwa, shina taka maki ƙasa."